Ranar da Kuɗin Kakata Suka Canza Launi

 Na san wata a cikinku tana buɗe wannan shafi za ta taɓe baki ta ce, to ita kuma wannan da muka sani da labarin soyayya da rikicin kishiyoyi, me ya kai ta maganar gwamnati? Ki yi haƙuri ki gyara zama. Ba siyasa na zo yi miki ba, ba ni da jam'iyya, karatuna ma iyakarsa sakandare. Maganar tukunya ce da kuɗin adashe. Abin da na lura da shi shi ne, duk sa'ad da aka yi sabuwar gwamnati a ƙasar nan, tun kafin a san inda ta sa gaba, mu na tsakar gida muke fara ji a jikinmu. Maza su baje tabarma a ƙofar gida suna ta lissafin wa za a ba minista, wa za a kama, mu kuwa yaro ne zai dawo daga kanti da kuɗi a hannu ya ce, "Umma, an ce bai kai ba."

Labarin da zan fara ba ki ya faru ne a 1984, ba a ma haife ni ba. A bakin Innata na ji shi, na kuma ji a bakin mahaifiyarta da muke kira Iya, Allah ya jiƙanta, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, don in dai ta ga sabuwar takardar kuɗi a hannun wani sai ta tayar da shi. Daga baya da na yi wayo na bi diddigin shekaru da ranaku, na tarar tsohuwar nan ba ta yi ƙari ba.

Iya a cikin birnin Kano take aure, a kulle, su biyu a wurin kakanmu Malam. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, Innata ce 'yar tallarta. Kin san dai yadda abin yake, ribar talla ba ta cefane ba ce, ta kayan ɗakin yarinya ce. Kwabo da sule take tarawa, in sun yi yawa ta ba dillaliya ta canzo mata su takarda, ta farke bakin wani tsohon matashin kai ta cusa, ta ɗinke. Shekara biyar tana wannan. Malam bai sani ba, abokiyar zamanta ba ta sani ba, Innata kaɗai ta sani don ita ke zura mata zare a allura.

A lokacin Alhaji Shehu Shagari ne shugaban ƙasa. Mutanen da suka ci zamanin arzikin man fetur, suka ga kuɗin Udoji a 1975 da ma'aikata suka yi ta sayen rediyo da babur, sai suka wayi gari farashin man ya faɗi a kasuwar duniya. Mu kuwa mun riga mun saba, shinkafa daga waje, madara daga waje, sukari da alkama da yadi duk daga waje, da kuɗin mai ake biya. Da kuɗin suka ja baya, a watan Afrilun 1982 gwamnati ta fito da dokar tsuke bakin aljihu, aka ce ba mai shigo da kaya sai da lasisi. Lasisin nan ya zama haja, mai uwa a gindin murhu ya samu ya sayar wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya ɗora a kan kaya. Shinkafa har kwamiti guda aka kafa mata ƙarƙashin Alhaji Umaru Dikko, amma a kwanon talaka sai ƙara nisa take yi. A haka aka yi zaɓen 1983, Shagari ya koma a watan Oktoba, bai cika wata uku cur ba.

Ranar Asabar, 31 ga Disambar 1983, aka tashi da baƙuwar murya a rediyo. Birgediya Sani Abacha ne yake cewa soja sun karɓi mulki, kuma cikin dalilan da ya kawo har da tsadar abinci da asibitocin da babu magani da albashin da ba a biya. Kafin gari ya sake wayewa aka ce Manjo Janar Muhammadu Buhari ne shugaba, Tunde Idiagbon na biye masa. Inna ta ce a unguwarsu har guɗa aka yi. Kowa cewa yake shi ke nan, ɓarayi sun tafi, kaya zai sauko.

To a nan ne Iya ta yi lissafin da ya dame ta har ta koma ga Allah. An riga an sa bikin Innata bayan ƙaramar salla, wato wajen watan bakwai. Kuɗin matashi sun kai su sayi gado da katifa da jeren kwanuka da samiru, in an matsa har da 'yar kabad. Aminiyarta, wadda ita ma take da 'ya a gaba, ta aiko mata cewa ita fa gobe za ta tura kasuwa a kwaso mata nata, ta zo su haɗa. Iya ta ce a'a, ita ba za ta yi gaggawa ba, ba ki ji an ce soja za su karya farashi ba? Wa zai sayi kwano da tsada yau alhali jibi zai faɗi?

Kuma da farko kamar ita ce mai gaskiya. Soja suka shiga kasuwanni da bulala, suka fasa rumbunan da aka ɓoye kaya, suka tsaya a kan 'yan kasuwa suka sa su sayar a farashin da hukuma ta yanka. Kwana kaɗan mutane suka sha daɗi. Daga nan fa sai kaya ya ɓace ɓat. Ki tsaya ki duba ta wajen ɗan kasuwa, ko da ba kya ƙaunarsa. Ya sayo katan ɗin madara da tsada, an sa shi ya sayar da asara, an kuma zane shi a gaban yaransa. Gobe zai sake sarowa? Bai san ko za a sabunta masa lasisi ba, bai san ko naira za a karya ba, bai san wace doka za a karanto da daddare ba. Sai ya rufe shago ya ce ya tafi ƙauye gaisuwa, abin da ya rage masa kuma ya koma sayar da shi ta bayan gida, ga wanda ya yarda da shi, a ninkin kuɗin da. Madara da sukari da sabulu da Omo da man girki suka koma sai an bi layi a wurin rabon gwamnati. A watan Maris aka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, layin ya miƙe sambal ba mai tsallake wani, wannan kam an yaba, amma miƙewar layi ba ta ƙara yawan gwangwanin madarar da ke gaba ba. Ana cikin haka aka yi ta sallamar ma'aikata daga aiki, gidaje da yawa mai kawo cefane ya dawo ya zauna.

Kwanukan da Iya ke jira su sauko, sai ga dillaliya ta zo tana cewa wallahi ko na gani a ido babu, wanda ya rage kuma an ƙara masa kuɗi. Iya ta ce a dai ƙara jira.

Ana cikin zafin bazara, ƙarshen watan Afrilu, sai sanarwa ta fito ba zato ba tsammani. An rufe iyakokin ƙasa, an kuma canza launin kuɗi. Naira ɗaya, naira biyar, naira goma da 'yar Murtala, wato naira ashirin wadda ita ce babbar takarda a lokacin, duk an sauya musu launi, takardar sule biyar kaɗai aka bari. Koriyar 'yar Murtalar nan da muka taso muka gani ana ba mu a barka da salla, daga wannan canji ta samo launinta. Aka ba mutane daga 25 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu, kwana goma sha biyu ke nan, kowa ya kai tsohon kuɗinsa banki. Abin da za a canza wa mutum ɗaya bai wuce naira 5,000 ba, in ya ɗara haka sai ya ajiye a banki ya yi rantsuwa a rubuce ya faɗi inda ya samo. Hujjar gwamnati ita ce 'yan siyasa da 'yan sumoga sun tara naira buhu-buhu a gidaje da ƙasashen waje, in aka canza launi aka rufe iyaka, kuɗinsu ya zama takardar ƙunsa ƙosai. Ban ce hujjar banza ba ce. Sai dai wanda ya tsara abin, da alama bai taɓa zama a ɗakin matar kulle ba.

Ki duba fa. Iya ba ta da asusu a banki, ba ta taɓa taka ƙofar banki ba, ba ta fita sai da dare zuwa unguwa, kuma duk duniya ba wanda ya san tana da kuɗi. Kwana uku ba ta yi barci ba, tana kwance a kan matashin tana juyi. Ta ba dillaliya? Dillalai da wasu samari masu wayo sun riga sun buɗe sabuwar sana'a, ki ba su naira goma tsohuwa su dawo miki da takwas sabuwa, wani in ya karɓa ma sai a lahira. Ta ba ƙaninta? Yana can Gusau. A rana ta huɗu, ranar girkinta, bayan Malam ya ci tuwo ya wanke hannu, ta ɗauko matashin da reza ta farke shi a gabansa. Kuɗi suka zubo a kan tabarma, wasu har sun yi laushi don daɗewa, duk suna warin man gyaɗa. Naira ɗari uku da arba'in. Inna ta ce tana laɓe a bakin ƙofa, ta ji Malam ya yi shiru, can ya ce, "Ashe da attajira nake kwana ban sani ba."

Ya kai banki, ba a ce bai kai ba. Kwana biyu yana fita tun asuba yana dawowa da la'asar ƙafa a kumbure, don bankunan ba su da yawa, mutanen ƙauyuka kuma sun cika gari, wasu a bakin bankin suke kwana da ƙullin kuɗinsu a cikin wando. A rana ta uku ya samu. Amma sabon kuɗin ya yi ƙaranci a gari, wanda ya ajiye nasa a banki ba ya samun abin da yake so ya cira, masu bin Malam bashi suka taso, cefane ya tsaya. Sai ya ce ta ranta masa naira ɗari zuwa kaka. Mace ta ce wa mijinta a'a bayan ya ga kuɗin da idonsa? Abokiyar zamanta kuma ta ji, daga ranar in an ce babu gishiri sai ta ce a tambayi masu banki. Naira ɗarin nan dai, Iya ta ce, da kaɗan-kaɗan ta dawo, biyar yau, biyu wata mai zuwa, har ta daina ƙirgawa.

Duk da haka ita ta tsira. Akwai wata tsohuwa a lungunsu da ta binne nata a gwangwani a ƙarƙashin gado, tana kwance ba lafiya aka yi canjin aka gama, ba ta faɗa wa kowa ba don tsoron 'ya'yan miji. Sai da damina ta sa jikarta ta tono. Wai da aka gaya mata sun daina aiki, ta ƙi yarda, ta ce ga hoton Tafawa Ɓalewa nan a jiki, ya za a ce ba kuɗi ba ne?

Iyakar da aka rufe kuwa ba a buɗe ta ba sai 1986. Mu nan arewa iyaka ba layi ba ce a takarda, dangi ne. Kano da Katsina da Daura da Maraɗi da Damagaram kasuwa ɗaya suke ci, naira tana yawo a can kamar a gida, dabbobi da wake suna gangarowa, hatsi da kayan kanti suna haurawa. Waɗanda canjin ya rutsa da su da naira a hannu a tsallaken iyaka, da yawa haka suka yi asararta. Ga shi shekarar ta zo da fari mai tsanani. Har yau in kika zauna da tsofaffin Nijar, yunwar 1984 da sunan El-Buhari suke kiranta, saboda ta haɗu da rufe iyakar. A shekarar ce kuma aka tsinci Umaru Dikko a cikin akwati a filin jirgin sama a Ingila an yi niyyar dawo da shi, aka kuma ɗaure mawaƙin nan Fela a kan maganar kuɗin waje. Waɗannan su maza suka fi riƙewa in ana hirar 1984. Iya kuwa in ta tashi, da matashi take farawa.

An yi bikin Innata bayan salla kamar yadda aka sa. Gado da katifa sun samu, kwanuka rabin abin da aka yi niyya, kabad babu. 'Yar aminiyar Iya da aka saya wa tun Janairu, ɗakinta har sama aka jera. Wannan abu ya tsaya wa Iya a rai. Tun daga nan ba ta sake ajiye takarda ta kwana arba'in ba. Kuɗi na shigowa za ta mai da shi kwano, ko tunkiya a ba ɗan'uwa kiwo a ƙauye, ko ɗan kunnen zinare ƙarami, ko buhun gyaɗa.

Kuma shekarun da suka biyo baya sai suka yi ta ba ta gaskiya. Ranar 27 ga Agustan 1985, ana hutun babbar salla, Idiagbon yana Makka, Janar Ibrahim Babangida ya karɓe mulki da fara'arsa. Ya tarar da rigimar da Buhari ya bari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, su suna cewa sai an karya darajar naira an janye tallafin mai kafin su ba da bashi, Buhari ya ƙi. Babangida ya ce to jama'a ku tattauna, a karɓa ko kar a karɓa? Wata uku ana muhawara a jaridu da rediyo, 'yan kasuwa sun riƙe kaya suna jiran su ga inda za ta faɗi. A Disamba ya fito ya ce jama'a sun ƙi, ba za a karɓa ba, aka yi ta murna. Tsakiyar 1986 sai ga shirin da ake kira SAP, bashin ba a karɓa ba amma sharuɗɗan duk sun shigo ta taga. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin gwamnati. Da aka fara gwanjon kuɗin waje a Satumbar 1986, sai da fiye da naira huɗu ake samun dala ɗaya. Litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kusan kwabo 40. Kina dariya ko? Haka jikokinmu za su yi wa namu farashin dariya. Wanda ya ajiye takarda a shekarar, yana zaune rabin kuɗinsa ya narke ba tare da ɓarawo ya shigo ba. Masaƙun Bompai da Sharaɗa da na Kakuri a Kaduna, da suke sayo kayan gyaran inji da sinadarai da dala, tun daga nan suka fara tari, ko da yake sun ɗauki shekaru kafin su kwanta.

Na 1993 ba zan daɗe a kansa ba, ina ƙarama, abin da na riƙe kawai layin kananzir da yadda Inna ta koma icce. Cikin shekara guda mun ga shugabanni uku, Babangida, Shonekan, Abacha. Fetur ya tashi daga kwabo 70 zuwa naira 5, aka dawo da shi naira 3 da kwabo 25, kafin 1994 ta ƙare ya zama naira 11. Gwamnati ta ɗaure dala a naira 22 a takarda, amma a Wapa wurin 'yan canji wani farashin ake yi daban, ya ninka wannan ba sau ɗaya ba.

Wanda na gani da idona ina matar aure shi ne na 2015. A nan ne na gane cewa shirun gwamnati ma yana da tsada. Buhari ya dawo a farar hula, aka rantsar da shi 29 ga Mayu, mu nan Kano har da masu zuwa da ƙafa daga wani gari don murna. Sai aka zauna jiran ministoci. Yuni, Yuli, Agusta, shiru, ba a rantsar da su ba sai a Nuwamba. Farashin mai ya sake faɗuwa a duniya kamar zamanin Shagari, kowa ya san wani abu zai faru da naira, amma ba wanda ya san yaushe ko nawa. Babban Banki ya fitar da jerin kaya 41 da ya ce ba zai ƙara ba da dala a shigo da su ba, ciki har da shinkafa da tumatirin gwangwani da yadi, har da tsinken sakace. Maigidana yana da ɗan shago a Kwari, na ga yadda manyansu suka yi. Ba wanda ya yi oda, ba wanda ya ba da kaya bashi, kowa ya mai da kuɗinsa dala ya zauna a kai. Atamfar da ke shago tun bara, ba a taɓa ta ba, ba a ƙara mata zare ba, amma kullum sai an ƙara mata kuɗi. Na ce masa wannan ai zalunci ne. Ya ce, "In na sayar a kuɗin jiya, da me zan saro ta gobe?" Na rasa amsa, ko da yake har yanzu ban yarda duka gaskiyarsa ce ba, don na ga waɗanda in dala ta hau suke ƙari, in ta sauko kuma su ce tsohon kaya ne. A Mayun 2016 fetur ya koma naira 145, a Yuni aka saki naira, shekarar ta ƙare cikin karayar tattalin arziki, buhun shinkafa ya ninka.

Yanzu bari in faɗa miki nawa wautar, don kar ki ce Iya kaɗai na tona wa asiri.

A Oktoban 2022 Gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya ce za a sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Ina jin sanarwar na tuna da matashin Iya, na yi dariya na ce mu ai mun waye, muna da asusu, muna da waya. Aka sa wa'adi 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsohon kuɗi ya shige banki, sabo ya ƙi fitowa. Ke dai bari. Da kuɗinki a asusu amma mai kayan miya ya ce shi ba ya karɓar tiransifa, in ya karɓa ma saƙon ya maƙale a hanya. Mai POS ya sayar miki da kuɗinki da kuɗi, daidai yadda samarin 1984 suka yi wa su Iya, bambancin kawai shi yana da na'ura da lema. Sai a 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki.

A tsakiyar wannan hargitsi na kwashi adashe. Mu goma sha biyu ne, kwasata ta faɗo a Maris, kuma niyyata tun farko in buga littafina na huɗu da ita. Na je wurin mai ɗab'in da nake kai wa aiki, ya yi mini lissafin takarda da faranti da bango, kuɗina sun isa kwafi dubu har da ɗan canji. Ya ce, "Hajiya, in za ki ji shawarata ki biya yau in sayi takarda in ajiye miki." Na ce a'a Alhaji, an yi zaɓe, sabuwar gwamnati na tafe a Mayu, an ce dala za ta sauko, bari mu ga kamun ludayinsu. Wallahi da bakina na faɗi haka, ni da na haddace labarin Iya kamar karatun allo.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu yana tsaye a dandalin rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin magariba gidajen mai sun rufe, cikin kwana biyu litar da ke ƙasa da naira 200 a hukumance ta haura 500. Tsakiyar Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 a banki, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Takardar ɗab'i daga waje take zuwa, tawada daga waje, injin kuma da dizal yake tashi. Da na koma a Yuli, Alhaji bai ce mini komai ba, ya dai jawo kalkuleta ya danna ya juyo mini da ita. Kwafi ɗari shida, shi ma sai in na yarda a rage kaurin bango.

Masana sun ce tallafin nan dole a cire shi, yana cinye kuɗin da ya kamata a yi asibiti da makaranta, kuma wani ɓangare na man ma tsallaka iyaka yake yi. Duk manyan 'yan takarar 2023 sun ce za su cire. Ni ban isa in yi musu da su ba. Abin da na sani shi ne a Fabrairun 2024 mata masu gurasa sun fito titi a Kano saboda kuɗin fulawa, matan Minna ma sun tare hanya, a Agusta kuma aka yi zanga-zangar da ta kai ga dokar hana fita. Kuma abin da ya fi ba ni haushi da na jera shekarun nan a takarda, 1984, 1986, 2015, 2023, ko dai a yi shiru wata da watanni kowa ya yi ta cinikin jita-jita, ko a faɗo da abu rana ɗaya kamar aradu. Manyan 'yan kasuwa suna da wanda zai raɗa musu tun da wuri. Mai adashe a rediyo take ji, tare da kowa, bayan an gama.

Kar kuma ki ɗauka dabarar Iya ba ta da rami. Wata ƙawata da ta ga abin da ya same ni ta rantse ba za ta ƙara riƙe takarda ba, ta sayar da sarƙarta a ƙarshen 2024 ta sa aka sayo mata masara a Dawanau aka ajiye, wai sai ta ninka. Gwamnati kuwa ta riga ta ɗage haraji a kan shigo da wasu kayan abinci, 2025 ta zo farashin hatsi ya yi ta sauka, manoma na kuka mu masu saye muna hamdala. Da ƙyar ta fid da uwar kuɗinta, sarƙar kuma da ta koma tambaya ta tarar zinare ya yi gaba abinsa.

Littafin dai ya fito, kwafi ɗari shida, da siririn bango. Na kai wa Inna nata har gida. Ta juya shi ta ce ya na ga wannan bai kai na baya kauri ba? Na ba ta labari tun daga kwasar adashe har kalkuletar Alhaji. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Jinin Iya ba ya ɓuya." Sannan ta tashi ta buɗe kabad ɗin da Baba ya saya mata shekara uku bayan bikinsu, ta ɗauko wata samira mai furanni da bakinta ya ɗan ɓantare, cikin rabin da aka samu aka saya a 1984. Ta zuba mini dambu a ciki ta ɗaure da ɗankwali, ta ce in na cinye in dawo mata da kwanonta.